Ƙwayar da mayen ƙarfe ke ja, ido kuma ya gani: yadda ake ƙera ta don tsamo cuta daga jini

Idan aka shafa kakin mai tarin fuka a kan gilashi, aka rina shi, aka sa a ƙarƙashin madubin likita, sai ƙwayoyin cutar sun kai wajen 5,000 zuwa 10,000 a kowace mililita kafin a gan su da tabbaci. In ba su kai haka ba, mai dubawa zai yi ta zagaya gilashin har idonsa ya gaji, ya rubuta cewa bai ga komai ba, alhali cutar tana nan tana cin mai ita. Iyakar kayan aikin ke nan. Haka abin yake da ƙwayar sammore a jinin saniyar da ta daɗe da kamuwa, da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a jinin wanda ke yawo da ita bai kwanta ba, da ƙwayar kansa guda ɗaya da ta ɓalle ta shiga jini, inda mililita ɗaya ke ɗauke da jajayen ƙwayoyin jini wajen biliyan 5. Abin da ake nema kaɗan ne, abin da ya lulluɓe shi kuma ya yi yawa. Allura ce cikin ruwa, wadda aka ce mai rabo ka ɗauka, sai dai gwajin lafiyar mutum ba abin da za a bar wa sa'a ba ne.

Dabarar da masu bincike suka daɗe suna bi ita ce a ƙera wata 'yar ƙwaya da za ta yi aiki uku. Ta kama abin da ake nema ta ƙyale sauran. Ta amsa kiran maganaɗisu, domin a ja ta gefe tare da abin da ta kama, a zubar da tarkacen. Sannan ta ba da launi ko ƙyalli, domin a san ta kama ɗin, a kuma san yawansa. Faɗar wannan da baki yana da sauƙi. Wahalar ita ce, abin da ke ba ƙwayar ƙarfin maganaɗisu shi ne babban abokin gabar haskenta, kuma duk abin da aka yi don ceto hasken yana rage ƙarfin jan. A sasanta waɗannan biyun gwanintar take.

Sai mu fara da girma. Nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Kaurin gashin kai yana tsakanin nanomita 50,000 zuwa 100,000. Jar ƙwayar jini tana da faɗin wajen 7,500, bakteriya kuma dubu ɗaya zuwa biyu. Ƙwayoyin da muke magana a kansu suna farawa ne daga wajen nanomita 10, wato ɗaruruwansu za su iya manne wa jikin bakteriya guda.

Zuciyar ƙwayar kusan kullum magnatayit ce, wani nau'in haɗin ƙarfe da oksijin mai launin baƙi, wanda masu kimiyyar sinadarai ke rubutawa Fe3O4. Yaran da ke jan maganaɗisun tsohuwar sifikar rediyo a cikin yashin da ruwan sama ya tara a bakin kwata, su ga baƙin gari ya tsaya cirko-cirko a jikinsa, yawanci da shi da danginsa suke wasa. An fi son sa a kan ƙarfe zalla ko kobalt saboda jiki ya san yadda zai yi da shi, har akwai magungunan ƙarancin jini na allura da aka yi da irinsa. Amma babban dalilin da ya sa ake niƙe shi ƙanana haka wani hali ne da yake samu idan faɗinsa ya sauka ƙasa da wajen nanomita 20. Babban gutsuren magnatayit, in ya taɓa maganaɗisu, yakan riƙe wani abu na ƙarfin ko bayan an janye. Gari mai irin wannan halin zai dunƙule a cikin ruwa, ya zauna ƙasan kwalba, ba shi da amfani. Ƙaramar ƙwaya kuwa, zafin ɗaki kaɗai ya isa ya riƙa jujjuya alƙiblar maganaɗisunta ba tsayawa, saboda haka in babu maganaɗisu a kusa, ba ta jan 'yar'uwarta. Da an kawo maganaɗisu sai duk su fuskanci wuri ɗaya su taho. Da an ɗauke, sai su saki juna su sake bazuwa. Bafaranshen nan Louis Néel, wanda ya samu kyautar Nobel a 1970, shi ne ya fara bayyana wannan hali a lissafe. Ba don shi wannan halin ba, da ba za a iya wanke abin da aka kama sau uku ko huɗu a sake narkar da shi a ruwa mai tsafta ba.

Hanyar yin garin mafi sauƙi ita ce wadda René Massart ya wallafa a Faransa a 1981, kuma ɗalibin ajin ƙarshe a sashen kimiyyar sinadarai zai iya yin ta da rana ɗaya. Ana narkar da gishirin ƙarfe iri biyu a ruwa, kashi ɗaya na mai caji biyu, kashi biyu na mai caji uku. Ruwan yakan yi ruwan ɗorawa mai duhu. Ana cikin motsawa da ƙarfi sai a zuba amoniya, kafin ƙiftawar ido kwalbar ta koma baƙa ƙirin. A jingina maganaɗisu mai ƙarfi a gefen kwalbar, cikin 'yan mintoci baƙin zai taru ya manne wa gilashi ta wajen da maganaɗisun yake, ruwan ya washe. Wanda ya ga wannan karon farko yakan ɗauka an gama aiki, alhali ko rabi ba a kai ba. Iskar oksijin tana cin garin a hankali, baƙin ya koma ruwan ƙasa, shi ya sa masu kula suke busa iskar nitirojin cikin ruwan tun kafin a fara. Sannan ƙwayoyin ba sa fitowa kai ɗaya, wasu ƙanana ƙwarai, wasu sun wuce iyakar da ake so. Masu son ƙwayoyi kai ɗaya sukan bi wata hanya, su dafa haɗin ƙarfe da wani nau'in mai a zafi mai tsanani. Ƙungiyar Taeghwan Hyeon a Koriya ta Kudu ta nuna a 2004 cewa a zafin digiri 320 za a iya samun giram 40 a dahuwa ɗaya, duk girmansu kusan ɗaya. Sai dai waɗannan suna fitowa ne lulluɓe da mai, ba sa shiga ruwa, balle jini, sai an sake musu riga.

A nan matsala ta farko take ɓullowa, tun ba a zo kan haske ba. Ƙarfin da maganaɗisu ke jan ƙwaya da shi ya danganta ne da yawan abin da ke cikinta, turjiyar da ruwa ke yi mata kuma da faɗinta. In aka haɗa lissafin, ƙwayar da aka rage faɗinta sau goma, saurin tafiyarta zuwa maganaɗisu zai ragu sau ɗari. Ƙwaya ɗaya tilo mai nanomita 10 da ke yawo ita kaɗai, bugun da ƙwayoyin ruwa ke yi mata ta kowane gefe ya fi ƙarfin jan maganaɗisun hannu. Garin Massart yana taruwa da sauri ne saboda ƙwayoyinsa sun riga sun manne da juna dunƙule-dunƙule. Wato ana son ta ƙarama don kada ta dunƙule, ana kuma son ta babba don ta jawu.

An warware wannan ta hanya biyu, kuma dukkansu suna kasuwa yau. A ƙasar Nowe, John Ugelstad ya gano yadda ake yin 'yan ƙwallayen roba masu girma ɗaya a ƙarshen shekarun 1970, daga baya aka cusa ɗimbin ƙananan ƙwayoyin ƙarfen a cikin kowace ƙwallo. Kowace ƙwayar ciki tana nan da halinta na sakin maganaɗisu, amma ƙwallon gaba ɗaya tana jawuwa cikin minti ɗaya ko biyu. Su ne ake sayarwa da sunan Dynabeads, manyansu nanomita 4,500. A Jamus kuma Stefan Miltenyi da abokan aikinsa suka bi ta ɗaya ɓangaren a 1990. Suka bar ƙwayoyin ƙanana, suka cika wani ɗan bututu da siraran zaren ƙarfe, suka sa bututun tsakanin maganaɗisu. Kowane zare sai ya zama ɗan maganaɗisu mai kaifin ja a kusa da shi, duk abin da ke ɗauke da ƙwayoyin in ya zo wucewa sai ya maƙale. Da irin waɗannan kayan ake ware ƙwayoyin garkuwar jiki don bincike da magani, ake tsamo bakteriya masu haɗari daga nama da madara. A 2004 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da na'urar CellSearch, wadda ke kama ƙwayoyin kansar mama daga jini mililita 7.5 da maganaɗisu, sannan a rina su da launi mai ƙyalli a ƙirga. Samun biyar ko fiye alama ce ta cewa cutar ta yi tsanani. A lura cewa a nan kamun daban ne, rinin daban, kowanne da matakinsa da sinadarinsa. Burin masu haɗa halayen biyu a ƙwaya ɗaya shi ne a rage waɗannan matakan, har ma'aikacin asibitin ƙauye ya iya yi a kan teburinsa.

Ɓangaren haske iri biyu ne. Na farko zinariya. Duk wanda aka taɓa soka wa yatsa a kemis don gwajin zazzaɓin cizon sauro ya ga aikinta, domin jan layin nan da ke fitowa a 'yar farar robar gwaji, a mafi yawan irinta, tarin ƙwayoyin zinariya ne masu faɗin wajen nanomita 20 zuwa 40. Zinariya in ta ƙanƙance haka takan bar launinta da muka sani. Ilektron ɗin da ke samanta suna kaɗawa tare idan haske ya doke su, su shanye koren haske mai tsawon zango wajen nanomita 520, abin da ya rage ya iso ido ja. Michael Faraday ya yi irin wannan jan ruwan zinariya a Landan a 1857, kuma kwalabensa suna nan har yau ba su koɗe ba. Hanyar da aka fi bi yanzu ta John Turkevich ce ta 1951: a tafasa ruwan gishirin zinariya, a zuba sitiret, wato gishirin sinadarin da ke ba lemun tsami tsaminsa, ruwan ya tashi daga rawaya mai haske, ya yi duhu, ya tsaya a ja kamar zoɓo. Kyawun zinariya shi ne launinta ba ya gushewa da rana, kuma yana canzawa da abin da ke faruwa. In ƙwayoyin suka matso juna suka dunƙule, ja yakan koma shuɗi-shuɗi, ido kaɗai ya isa ya gani.

Na biyu ƙyalli, wato abin da in an haska shi da wani launi zai mayar da wani launi daban. Akwai rini na sinadari, mai araha amma mai saurin koɗewa a ƙarƙashin fitila. Akwai kuma ɗigon kwantum, 'yan lu'ulu'u masu faɗin nanomita 2 zuwa 10, waɗanda girmansu ne ke yanke launinsu: ƙanana su ba da shuɗi ko kore, manya su ba da ja. A kansu Alexei Ekimov da Louis Brus da Moungi Bawendi suka samu kyautar Nobel ta 2023. Da fitila ɗaya za a iya haska launuka da dama, saboda haka a gwaji guda za a iya ba wannan cuta kore, waccan ja. Ƙyalli ya fi launin zinariya nuna abu kaɗan, amma yana buƙatar fitila ta musamman da na'urar karantawa, kuma mafi haskensu da kadmiyom ake yi, wanda guba ne.

To a haɗa su. Magnatayit baƙi ne, ma'anar baƙi kuwa shi ne yana shanye hasken da ya faɗo masa. In aka manna rini ko ɗigon kwantum kai tsaye a jikinsa, asara biyu ake yi. Yana tare hasken da ke shigowa da wanda ke fita, sannan in tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce 'yan nanomita ba, yakan zuƙe ƙarfin da rinin ya tara tun kafin ya zama haske. Sai a samu ƙwaya mai jawuwa sarai amma dusu-dusu. Maganin da aka fi yarda da shi shi ne a gina katangar silika tsakaninsu, wato sinadarin da ke cikin yashi da gilashi. Hanyar Werner Stöber ce ta 1968: a baza ƙwayoyin a cikin itanol da ɗan ruwa da amoniya, a riƙa ɗiga wani sinadari da ake taƙaita sunansa da TEOS, shi kuma ya riƙa zama gilashi a jikin kowace ƙwaya a hankali. Silika tana barin haske ya wuce, tana kare ƙarfen daga tsatsa, tana shiga ruwa, kuma samanta yana karɓar ƙugiyoyin sinadari da za a rataya wasu abubuwa.

Amma a duba kuɗin da aka biya. Ɗauki ƙwaya mai faɗin nanomita 10, a yi mata riga mai kaurin nanomita 10. Faɗinta ya zama 30, cikinta ya ninka sau 27, kuma kashi ɗaya ne kawai cikin 27 ɗin ke jin maganaɗisu. Sauran kaya ne da za a ja. In aka rage rigar haske ya mutu, in aka ƙara ta jan ya mutu. Shi ya sa ƙwayoyin da suka fi aiki a zahiri ba masu zuciya ɗaya ba ne. Ana fara tara ƙananan ƙwayoyin ƙarfe da yawa su zama dunƙule mai faɗin nanomita 100 zuwa 200, a rufe dunƙulen da silika, a sa masu ƙyallin a waje, wani lokaci a ƙara wata siririyar riga a kansu don kada su zube.

Zinariya tata fitinar daban ce. A takarda, zuciyar ƙarfe da rigar zinariya ita ce ƙwayar da kowa ke mafarki. A kwalba kuwa zinariya ba ta son shimfiɗuwa a jikin magnatayit, ta fi son ta haɗu da 'yar'uwarta ta yi nata ƙwayoyin a gefe. Masu haƙuri sukan bi ta bayan gida. Su sa silika tukuna, su shafa mata sinadari mai ɗauke da amin, wata ƙugiyar sinadari da ke kama zinariya, su manna 'yan tsabar zinariya masu nanomita 2 ko 3, sannan su riƙa ƙara gishirin zinariya kaɗan-kaɗan har tsabar su girma su haɗe. Wasu kuma sun haƙura da rigar, suna tsirar da magnatayit a gefe ɗaya na ƙwayar zinariya, su fito manne kamar tagwaye, kowanne da fuskarsa a buɗe. Ko an yi nasara, zinariya ta kusa ninka magnatayit nauyi sau huɗu, kuma maganaɗisu bai san da ita ba.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi damuna a yadda ake wannan bincike a jami'o'inmu. An yawaita aikin da ake tafasa ganyen dogonyaro ko zogale, a haɗa ruwan da gishirin ƙarfe da na zinariya ko azurfa, launi ya canza, a auna shi da na'urar auna haske, a rubuta cewa an samu ƙwaya mai hali biyu. Ban raina amfani da ganye ba, sinadaran cikinsa suna iya aikin da sitiret ke yi, kuma suna da araha. Amma canjin launi ba ya nuna cewa zinariyar tana jikin ƙarfen. Kwalbar da ke ɗauke da ƙwayoyin ƙarfe daban da na zinariya daban za ta ba da launi iri ɗaya, za ta kuma amsa maganaɗisu. Akwai gwajin da bai fi ƙarfin kowa ba. A jingina maganaɗisu, a jira. In baƙi ya taru a gefe ruwan ya zauna ja, ba a haɗa komai ba, an cakuɗa ne kawai. In jan ya bi maganaɗisun ruwan ya washe, a zubar da ruwan, a sake bazawa, a maimaita har sau da yawa, launin kuma bai ragu ba, to akwai magana. Bayan wannan ne hoton madubin ilektron da awon ƙarfin maganaɗisu za su tabbatar. Na fi ganin darajar ɗalibin da ya rubuta cewa zinariyarsa ta ƙi kamawa, ya faɗi dalili, a kan wanda ya kawo hoton kwalba mai kyan launi.

Duk wannan kuma ƙwayar ba ta san abin da za ta kama ba tukuna. Wannan aikin fatar waje ne, kuma a ganina nan ne gwaji ke rayuwa ko ya mutu. Yawanci ana ɗaura mata antibodi, furotin ɗin da garkuwar jiki ke ƙerawa don ya gane abu ɗaya tak. Ana iya ɗaura shi da sinadarin da ke ƙulla shi da fatar ƙwayar kai tsaye, ko a yi amfani da shaƙuwar da ke tsakanin bayotin, wato bitamin B7, da wani furotin mai suna sitireptabidin, wadda tana cikin riƙo mafi ƙarfi da aka sani a halitta. A kan zinariya abin ya fi sauƙi, domin duk abin da ke da sulfa a wutsiyarsa yana kama ta da kansa. Sai dai antibodi yana da kai da ƙafa. In ya manne ta kai, bakin da zai kama cuta ya toshe. Kuma da zarar ƙwayar ta shiga jini, furotin ɗin jini sukan yi mata rubdugu su lulluɓe ta cikin daƙiƙoƙi, ta fara manne wa abin da ba a aike ta ba. Sakamakon haka gwaji ya ce akwai cuta alhali babu, a ɗora wa mai lafiya magani na watanni. Don hana wannan ake cike guraben da suka rage da wani sinadari mai santsi da ake kira PEG, ko da furotin ɗin albumin. Ƙwayar da ta yi abin mamaki a ruwan gishiri mai tsafta takan ba da kunya a kaki mai yauƙi ko jinin saniya, kuma rahoton da bai kai ga gwada ta a irin waɗannan ba bai faɗi abin da likita ke son ji ba.

In komai ya daidaita, aikin kansa ɗan kaɗan ne. A zuba ƙwayoyin cikin samfurin, a juya na wasu mintoci, a sa kwalbar a jikin maganaɗisu, a tsiyaye ruwan, a wanke, a sake bazawa a ɗigo kaɗan. Abin da ke warwatse cikin mililita goma ya dawo cikin ɗigo biyu, ya yi kauri sau ɗari ko kusa da haka, kuma an rabu da abubuwan da ke dagula gwaji. An gwada wannan a Amurka da furotin ɗin HRP2 na zazzaɓin cizon sauro, aka tattara shi da maganaɗisu kafin a ɗiga a robar gwaji, layin ya fito a jinin da a da ba ya nunawa. Ga ƙasar da ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu wannan zazzaɓi a duniya, gano masu yawo da cutar ba su sani ba babban abu ne.

Wani abin sha'awa shi ne ƙwayar zazzaɓin da kanta tana ƙera irin wannan abu. Tana cin jan sinadarin jini, ragowar mai ƙarfe da ke iya kashe ta kuma sai ta dunƙule shi ya zama 'yan lu'ulu'u masu ruwan ƙasa da ake kira himozoyin. Suna jin maganaɗisu kaɗan, suna kuma sauya yadda haske ke ratsa su in an jera su. Masu bincike sun daɗe suna ware jajayen ƙwayoyin da suka kamu ta hanyar bi da su cikin bututun maganaɗisu, ba tare da antibodi ba, kuma an ƙera na'urorin da ke jera lu'ulu'un da maganaɗisu su auna hasken. Cikas ɗin shi ne ƙwayar cutar tana da himozoyin kaɗan ne a farkon girmanta, kuma a nau'in da ya fi addabar mu, waɗannan ƙananan ne suka fi yawo a jinin da ake ɗiba.

Me Zariya za ta iya a wannan fage? Fiye da yadda ake zato. Jami'ar Ahmadu Bello tana da sassan kimiyyar sinadarai da haɗa magunguna da likitancin dabbobi a Samaru, ga asibitin koyarwa da cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI a Shika, ga cibiyar horo kan tarin fuka da kuturta a Saye, ga cibiyar binciken fasahar sinadarai ta NARICT a Basawa. Marigayi Farfesa Andrew Nok ya samu kyautar kimiyya ta Najeriya a 2009 kan bincikensa a kan ƙwayar cutar barci da sammore, ya kuma bar ɗalibai da suka san wannan ƙwaya ciki da bai. Cibiyar binciken makamashi ta jami'ar tana da ƙaramar na'urar nukiliya tun 2004, wadda babban aikinta gano sinadaran da ke cikin samfur, kuma zinariya tana cikin abubuwan da irin wannan awo ya fi saurin ganowa. Wanda ya wanke ƙwayoyinsa da maganaɗisu zai iya kai su can ya san zinariya nawa ta rage a kan ƙarfe nawa. Samfurori na gaske, masu ƙera ƙwayar, da masu awo duk suna cikin gari ɗaya, abin da ya rage su riƙa aiki a kan tambaya ɗaya.

Da za a tambaye ni inda za a fara, ba zan ce da ɗigon kwantum ba. Zan ce da magnatayit mai rigar silika zalla, ba antibodi, ba zinariya. Tun 1990 Boom da abokan aikinsa a Holan suka nuna cewa DNA da RNA, wato sinadaran da ke ɗauke da bayanan gado na halitta, suna manne wa silika a cikin ruwan gishirin guwanidin mai kauri, su sake ta a ruwa mai tsafta. Da irin waɗannan ƙwayoyin aka riƙa tsamo RNA a ɗimbin gwaje-gwajen korona a duniya, kuma mun ga yadda kayan gwaji suka yi wuyar samu a 2020 lokacin da kowace ƙasa ta riƙe nata. Ba sa buƙatar firiji, ba sa buƙatar na'urar juya jini mai cin wuta, silikar ma ana iya samunta daga tokar ɓuntun shinkafa, wadda mafi yawanta silika ce. Ɗakin gwajin da ya iya yin wannan sau goma ya fito iri ɗaya, ya gwada shi kafaɗa da kafaɗa da na kanti a kan jini da kaki na gaske, ya riga ya mallaki zuciya da rigar da za a ɗora zinariya a kai gobe.

Sannan a riƙa tuna zafinmu tun daga ranar farko. Antibodi furotin ne, yana lalacewa a zafin watan Maris da Afrilu in wuta ta ɗauke firiji ya huce, saboda haka gwajin daɗewar ƙwayar a zafin digiri 40 ya kamata ya shiga cikin aikin, tare da busar da ita da sukari irin su tirehalos kamar yadda ake yi wa robobin gwaji. Batun shara kuma ba na wasa ba ne. Arewa ta ga abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu. Kadmiyom yana taruwa a ƙoda ya shekara da shekaru, kuma abin da aka zuba a kwatar ɗakin gwaji a Samaru, rafin Kubanni ya nufa. Akwai ɗigon ƙyalli da ake yi da kabon, haskensu bai kai na kadmiyom ba amma haɗarinsu ya yi ƙasa sosai. Ga gwajin da za a yi a ƙaramin asibitin da ba shi da wurin ƙona shara mai guba, su ko zinariya ya kamata a zaɓa, ko da za a rasa wani abu na kaifin gani.